Masu Ɗaga Hagu

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kin isa gida lafiya, kuma gwiwar nan da kika yi ta dafewa ranar da muka haɗu wajen ta'aziyyar Baba Babba ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ƙaramin da ke haƙori, wanda ya hana maiɗakina sakat. Tana gaishe ki. Har yanzu tana mamakin yadda nake da yaya babbar ma'aikaciyar jinya amma ban taɓa faɗa mata ba. Na ce mata kakarki da kakana ne ciki ɗaya, kuma kafin ta'aziyyar nan rabona da ke tun ina yawo ba wando. Ta ce wannan ba hujja ba ce.

Kin ce in riƙa aiko miki da wasiƙa ta hannun direban motar magungunanku, tunda waya ba ta kamawa a asibitinku sai an hau tudu. Kin kuma tambaye ni yadda aikin koyarwa yake a zamanin nan. To ga labari.

Ofishin ilimi na yankinmu ya fito da sabon tsari. A da sufeto ne ke zuwa sau ɗaya a zango, ya zauna a kujerata, ya cika takarda, ya sha shayin hedimasta, ya tafi. Yanzu sun ce an daina dubawa, horarwa za a riƙa yi. An ɗebo wasu malamai daga aji, an ba su horo, an raba musu makarantu. Tamu wata siririyar mace ce da ba ta kai ni shekaru ba. Duk mako tana zuwa ajina, aji biyar. Na miƙa mata kujerata ta ƙi. Cikin yara take kutsawa ta zauna a benci, gwiwoyinta kusan a haɓarta, ba takarda ba biro. Idan an tashi sai ta yi mini tambaya guda ɗaya tak, ta ce kada in amsa, in tafi da ita gida. Makon farko cewa ta yi, "Yau wa ya fi magana, kai ko su?" A ɗakin malamai mun riga mun laƙaba mata suna, Tambaya-Ɗaya.

Kada ki ji mini tsoro, ƙaninki ba yaro ba ne. Ina da wata dabara da na gada wajen wani tsohon malami a shekarata ta farko. Idan baƙo ya shigo aji na jefa tambaya, kowa da kowa zai ɗaga hannu. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Ni kuwa dama kawai nake kira. Yaya, ki zo ki ga yara sun haura tamanin, hannaye sun tashi gaba ɗaya, kuma duk wanda na nuna sai ya zuba amsa daidai. Sufetoci uku na sallama da wannan, ɗayansu har ya rubuta cewa bai taɓa ganin aji mai rai kamar nawa ba.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne ita wannan ba ta yabo, ba ta kushe. Hannaye su tashi, in saci kallonta, in ga ba ni take kallo ba, yaran take kallo. Me take nema a wajensu? Ke da kike horar da ɗalibai 'yan jinya, ko kin san irin wannan aikin?

Ƙaninki,
Malamin aji biyar

*

Zuwa ga Malam ƙanina,

Na amsa sallamarka, kuma na gode da gaisuwa. Gwiwa da sauƙi in ban da hawa bene. Ka ce wa maiɗakinka tana da gaskiya, ba hujja ba ce. Yaron kuma a wanke hannu a riƙa goga masa dasashi a hankali, kada a ɗura masa komai.

Na karanta wasiƙarka a ɗakin hutunmu, na yi dariya har wata abokiyar aikina ta leƙo ta ga ko lafiya. Ashe ɗan da na sani yana kuka idan aka raba shi da kakarsa shi ne ya zama gwanin yi wa sufeto wayo. Allah ya shirye ka.

Amma bayan dariyar abin ya ƙi fita raina. Ni ma ina da nawa ɗaliban. In nuna musu yadda ake neman jijiya a hannun yaro, in ce kun gane, su gyaɗa kai gaba ɗaya. Shekara da shekaru ina neman hanyar da zan san wadda ta gane da wadda kunya ce kawai ta sa ta gyaɗa kai, ban samu ba. Kai kuwa ga shi yara suna faɗa maka da hannunsu, a fili, kowace tambaya. Ban taɓa jin malamin da ya samu irin wannan ba.

Shi ya sa nake son ka ba ni labarin masu ɗaga hagu. Su wane ne? Kullum su ɗin ne dai, ko suna canzawa? Idan baƙo ya tafi, me kake yi da su? Ka kwatanta mini ko da guda ɗaya ne a cikinsu, inda yake zama da yadda fuskarsa take, ina so in gan shi a raina.

Ita kuma Tambaya-Ɗaya ban san abin da take nema ba, amma ta burge ni. Wanda ya zauna a benci yana ganin abin da na gaban allo ba ya gani. Ni ma sai da na kwanta jinya a gadon asibitinmu na san rufin ɗakin mata yana yoyo.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, haƙori ya fito.

Na ga saƙonki. Ban yi zaton a cikin dangi ma akwai sufeto ba. Na ba ki labari don ki yi dariya, sai ga shi an titsiye ni da tambayoyi kamar wanda aka kama da kayan mutane. Yaya, ke ɗalibai nawa gare ki? Ni nawa sun haura tamanin, a ɗakin da aka gina wa rabinsu. Uku-uku ne ya kamata su zauna a benci, biyar-biyar suke zama. Ga manhaja da dole in gama kafin ƙarshen zango. Idan na tsaya bin kowane mai hagu, ba za mu wuce shafin farko ba. Ba ni na haife su da kan da suke da shi ba.

Tunda kina son labari, ga wani. Ita Tambaya-Ɗaya ta fara zuwa ba sanarwa, wani lokaci ina tsakiyar darasi sai in gan ta a benci. Don haka na ce wa yara mu riƙa yin abinmu kullum, da baƙo da ba baƙo. Darasi yanzu tafiya yake sumul, ba tuntuɓe.

Kuma hedimasta ya kira ni ofis. A ƙarshen zango za a yi taron bita na malaman yankin gaba ɗaya, kuma ajina aka zaɓa a yi darasin gwaji a gabansu. Ya ce idan abin ya yi kyau, ni za a naɗa jagoran malaman lissafi na makarantun da ke kewayenmu. Na daɗe ina son wani ya san ina nan, ba zan ɓoye miki ba. Dabarar da kike tuhuma ita ta kai ni nan.

Ƙaninki

*

Zuwa ga Malam ƙanina,

Sallama. Ina fata kai da iyali kuna lafiya, don gaskiya hankalina ba a kwance yake ba. Wannan ce wasiƙata ta biyu tun bayan taka. Direba ya rantse mini ya damƙa ta farkon a hannun mai gadin makarantarku. Duk zuwan da zai yi sai na tare shi a bakin ma'ajiyar magani, har ya fara kauce mini.

In ba ta iso ba, ga abin da na ce a ciki. Ban tuhume ka ba. Wallahi tambaya ce kawai irin ta mai son sani, kuma ka san halin gidanmu, kakata ma sai ta tambayi mai sayar da tsintsiya inda ya yanko ta. Na sake karanta abin da na rubuta maka a raina, ban ga inda na zage ka ba. Amma na lura duk tsawon amsarka ba ka kwatanta mini ko yaro ɗaya ba. Wannan ma ba zargi ba ne, lura ce.

Shirun nan naka ya sa na saƙa abubuwa da yawa. Na ce ko matar nan ta gano ka ta kai ƙara ofis. Na ce ko an dakatar da kai kana jin nauyin faɗa mini. Har na fara tunanin wa na sani a wajenku da zai je ya ba da haƙuri. Idan fushi ne kawai, to alhamdu lillahi, ka ci gaba da abinka, amma ka aiko da layi ɗaya in san kana kan aikinka.

Na taya ka murnar zaɓen ajinka da aka yi. Na manta ban faɗa ba a waccan, kuma ya kamata a ce da shi na fara.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Sallama da ban haƙuri. Duka biyun sun iso, mai gadi ba shi da laifi, direba ma ki sake shi ya sha iska. Kowa lafiya. Ba a kore ni ba. Da farko fushi ne ya hana ni rubutu, daga baya kuma kunya.

Ranar da na karanta tambayarki na zauna da biro in kwatanta miki mai hagu guda ɗaya don in rufe miki baki. Yaya, na kasa. Masu dama na san su har muryarsu, na san wanda ke in'ina da wadda ke rufe ido kafin ta amsa. Masu hagu kuwa hannaye kawai nake gani. Shi ya sa na hau ki da faɗa.

Sai kuma Tambaya-Ɗaya ta ƙarasa ni. An tashi tara, yara sun fita, ina goge allo, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yarinyar da ke zama ƙarshen benci, kusa da tagar da ta karye, da wane hannu take rubutu?" Ta juya ta tafi abinta.

Na ce wannan kuma wace irin tambaya ce. Yarinyar na san da zamanta sama-sama. A tsakiyar zango aka kawo ta daga wata makaranta, babanta ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki. Doguwa ce, don haka na tura ta baya. Abin da na sani game da ita shi ne tana cikin masu hagu na dindindin, ba ta taɓa ɗaga dama ba ko sau ɗaya, kuma hannunta ne ke riga na kowa tashi. Har nakan ce a raina, wannan ba ta ko tsayawa ta yi tunani.

Bayan tara na ba su aiki, na ratsa tsakanin bencina har baya, wurin da na daɗe ban taka ba. Na tsaya a kanta. Ta karkatar da littafinta gefe, ta lanƙwaso hannu, tana rubutu da hagu. Bahaguwa ce. Kuma ta gama lissafin rabawar da na ba su tun sauran suna layi na biyu.

Ban taɓa faɗa mata dokar hannu ba. Ranar da na koya wa ajin ba ta zo makarantar ba tukuna, yara kuma da suka ga tana ɗaga hannu sai suka ɗauka ta sani. Ita hannunta kawai take ɗagawa, wanda take komai da shi. Wata da watanni tana cewa Malam na sani, ni kuma ina jin Malam ban sani ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan ajin sun sa mata suna Kullum-Hagu, suna yi mata kallon daƙiƙiyar aji. Da na jefa tambaya ta gaba na duba wajen taga, hannunta na kan cinyarta. Na tambayi ta kusa da ita, ta ce ai ta kwana biyu da daina ɗagawa. Ni ban ma lura ba.

Washegari na tare Tambaya-Ɗaya a ƙarƙashin bishiyar da muke ajiye babura, na ce mata tun yaushe ta san dabarata. Ta yi dariya ta ce tun zuwanta na biyu. Wai wani ɗan ƙaramin yaro da ke gefenta ya ga kowa ya ɗaga ita ba ta ɗaga ba, sai ya zungure ta ya raɗa mata, "Anti, in ba ki sani ba hagu ake ɗagawa, ba zai kira ki ba."

Kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce to me ya hana ta kai ni ofis, ko aƙalla ta faɗa mini. Ta ce ba a aiko ta kama ɓarawo ba, kuma da ta faɗa mini tun farko da na daina don tsoronta, in koma yi ranar da ta bar zuwa. Ta ce ita dabarar ma ba ta dame ta ba, abin da take son gani shi ne ranar da zan yi amfani da abin da hannayen ke faɗa mini. Kusan maganarki ce sak, har na yi zargin ko kun haɗa baki.

Na kira yarinyar gefe na yi mata bayanin komai, na ba ta haƙuri. Ban taɓa ba ɗalibi haƙuri ba, ban ma san inda zan sa hannuwana ba. Ta saurare ni kanta a ƙasa, ta ce to Malam, ta koma wurinta. Tun daga ranar ina kiranta, tana tashi ta ba da amsa daidai a taƙaice ta zauna. Amma hannu ba ta sake ɗagawa ba, ba dama ba hagu.

Taron bita ya matso. Na tambayi Tambaya-Ɗaya me zan nuna musu, ta ce ajina ne. Hedimasta kuwa ya sa an yi wa ɗakin fenti, yana ta faɗa wa mutane su zo su ga hannaye.

Ƙaninki

*

Zuwa ga Malam ƙanina,

Alhamdu lillahi da jin kana lafiya. Na saki direba, har na ba shi haƙuri. Ina gaida maiɗakinka da mai sabon haƙori.

Na karanta labarin Bahaguwa sau biyu, na biyun da hawaye, ba zan yi maka ƙarya ba. Kada ka matsa mata. Wanda aka daɗe ba a saurare shi ba, ba rana ɗaya yake komawa magana ba, ina ganin haka a wajen marasa lafiya.

Na saci dabararka. Na ce wa ɗalibaina duk wadda ba ta gane ba ta dafa aljihun rigarta kawai, ba sai ta yi magana a gaban mara lafiya ba. Ranar farko ba wadda ta dafa. Rana ta biyu ɗaya ta dafa, na sake nunawa ban ɗaure fuska ba. Yanzu har sun fara ba ni haushi da dafe-dafe, kuma aikin da nake gamawa kafin azahar yana kai ni la'asar. Ashe duk shekarun nan ni kaɗai nake ganewa.

Game da taron, ba zan ce maka yi kaza ba. Na san kana son matsayin nan, kuma son sa ba laifi ba ne. Idan ka yi yadda ka saba za ka samu, babu mai tona ka, ita matar ma na ga ba halinta ba ne. Ni dai ina nan ina ƙaiƙayin son jin abin da za ka yi. Wannan karon in ka yi mini shiru, motar magani zan hau in zo da kaina, da gwiwar tawa da komai.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ki zauna ki huta da gwiwarki, ga labari ya zo da kansa. Mutanen gida lafiya, suna gaishe ki.

An yi taro. Malamai sun cika bayan ajin da gefen bango, wasu ta taga suke leƙe. Babban jami'i daga ofishin ilimi ya zauna a kujerata, hedimasta a gefensa baki har kunne. Tambaya-Ɗaya kuwa tana benci cikin yara yadda ta saba. Har na ɗauki alli ban yanke shawara ba, gaskiyar magana ke nan.

Na yi misali biyu na rabawa mai saura a kan allo, na jefa tambaya. Hannaye suka tashi gaba ɗaya, na ji baƙi sun yi guna-gunin sha'awa. Ga wani na gaba ya miƙe dama har yana ɗagowa daga benci. Bakina ya riga ya buɗe zan kira shi. Sai idona ya kai wajen taga, na ga hannu ɗaya ne a duk ajin bai tashi ba.

Na ce wa yara kada kowa ya sauke. Na juya wajen baƙi na ce su dubi hannayen da kyau, na faɗa musu abin da dama ke nufi da abin da hagu ke nufi, da shekarun da na yi ina kiran dama kawai. Fuskar hedimasta ban ma iya kallonta ba. Can sai wata dattijuwar malama daga bayan aji ta fashe da dariya ta ce su a makarantarsu dunƙule hannu ake yi da buɗewa. Wani ya ce su yatsa ɗaya ne da biyu. Ashe rabin ɗakin 'yan gida ne, kowa da irin tasa. Jami'in dai bai yi dariya ba.

Daga nan na ce yau masu hagu zan kira. Yaya, ki ga yadda hannaye suka fara zamewa ƙasa, wasu suna sauya hannu a saye. Na ce ba amsa nake so ba, kowa ya faɗa mini inda ya ɓace kawai. Da ƙyar ɗaya ya ce shi tun daga saukar da lamba ta biyu. Wata ta ce ita ba ta san dalilin da ya sa ake farawa daga hagu ba alhali a tarawa daga dama ake farawa. Ban taɓa tunanin wannan zai rikita mutum ba, kuma na yi ta kame-kame kafin in samo bayanin da ya shiga. Darasin da na shirya kashi huɗu, ko na biyu ba mu gama ba. Allo ya yi kaca-kaca, rigata ta jiƙe, jami'i yana ta duba agogo.

Da lokaci ya kusa cika, na ce bari in rufe da tambaya mai ɗan wuya ko na tsira da sauran mutuncina, wadda sifiri ke faɗowa a tsakiyar amsa. Na yi ta a gurguje, na juyo na tambaya. Hannaye suka tashi jefi-jefi. Sai na ga na wajen taga ya tashi a hankali. Hagu.

Yanzu ta san doka. To hagun nan na doka ne, ko nata ne na haihuwa? Ban sani ba. Tun da na fara koyarwa a gaban baƙi ban taɓa kiran yaro ba tare da na san abin da zai fito daga bakinsa ba. Na kira ta, ina addu'a a raina ta zuba amsar nan kowa ya ji irin ɗalibar da nake da ita.

Ta miƙe ta ce, "Malam, yau da gaske ne. Ban gane inda sifirin ya fito ba."

Sai na ji ajin ya sauke numfashi, har da waɗanda suka ɗaga dama. Na ɗauki tsumma na goge allon tas, na ce ta fito ta riƙe allin mu sake tun daga farko. Aka kaɗa ƙararrawa muna tsakiya, ba wanda ya motsa a cikin yaran. Jami'i ya tashi ya fita, hedimasta ya bi shi. Mu muka ci gaba har ta rubuta sifirin da hannunta, ta ja baya ta dube shi ta ce, "Au, ashe wurin ne babu kowa."

Matsayin an ba wani malami daga wata makaranta. Ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi, kuma hedimasta daga nesa yake amsa gaisuwata. Maiɗakina ta ce da na bari an naɗa ni tukuna kafin in zama mai gaskiya. Dattijuwar malamar nan dai ta aiko tana tambaya ko za ta iya zuwa ta zauna a ajina wani makon. Na ce ta zo, amma benci za ta zauna.

Tambaya-Ɗaya ta same ni ina kakkaɓe alli daga rigata bayan kowa ya watse. Na tsaya ina jiran tambayar ranar. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce yau ba ta da ita, ko ni ina da wadda zan ba ta ta tafi da ita gida. Na ce ina da su sun haura tamanin.

Kin taɓa cewa in kwatanta miki mai hagu guda ɗaya. Akwai wani a benci na uku daga baya, gefen bango, gajere mai faffaɗan goshi, yana tauna murfin biro idan abu ya shige masa duhu. Shi ne ya zunguri Anti. Jiya ya ɗaga hagu sau huɗu, na kira shi duka huɗun, har ya ce Malam ai akwai wasu ma. Sauran zan riƙa aiko miki da su kaɗan-kaɗan, yadda nake sanin su.

Ƙaninki,
Malamin aji biyar